Yaron da ya tsaya cik a aji: ta wace ƙofa makaranta ke nemo ƙwararre daga waje?

Malam Lawal, hedimasta, Daura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kusan kowace firamare tana da yaro ɗaya ko biyu da malami zai ce "wannan ba ya ganewa": ya kai aji uku bai haɗa baƙi ba, ko a kira sunanshi bai waiwaya ba, ko ya riƙa faɗuwa. Malamin aji ba likita ba ne, kuma yawancin makarantunmu ba su da wanda ya karanci ilimi na musamman. To ta wace hanya za a nemo ƙwararre? Wa za a rubuta ma, wa zai sa hannu, wa zai biya? Masana na nan zauren, don Allah a fayyace mana daki-daki.

Malama Hadiza, malamar ilimi na musamman, Katsina: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a rubuta wa kowa, a fara da littafi mai shafi arba'in. Malamin aji ya riƙe shi mako biyu zuwa uku, kullum ya rubuta abin da ya gani da idonsa, da rana da lokaci. Kada ya rubuta "daƙiƙi ne" ko "ba ya ji". Ya rubuta: "Litinin, an kira shi sau uku daga baya bai juya ba, da aka zo gabansa ya amsa." "Yana kai littafi dab da hancinsa." "Ya ƙura wa wuri ɗaya ido kamar daƙiƙa goma, alli ya faɗi daga hannunsa, ya dawo bai san an yi ba." "Yana faɗin amsa daidai da baki, amma ya kasa rubuta ta." Jimlolin nan huɗu kowacce ƙofarta daban: ta farko kunne, ta biyu ido, ta uku likitan yara saboda zargin farfaɗiya mai ɗauke hankali, ta huɗu malamin ilimi na musamman. Makarantar da ta tura yaro ba tare da wannan littafi ba, sau da yawa ƙofar da ba tasa ba take tura shi, iyaye su yi asarar kuɗin mota su dawo da maganin zazzaɓi.

Kuma ƙa'ida ce: kada a ce yaro yana da matsalar ƙwaƙwalwa sai an tabbatar yana gani yana ji. Gwajin ido makaranta za ta iya yin na farko da kanta. A samo allon gwaji mai harafin E, a manna shi inda haske ke dukansa, a auna mita 6 da igiya. Yaro ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da ya danna ba, ya nuna da yatsu inda ƙafafun E suka fuskanta. Wanda ya kasa layin 6/12 da kowane ido ɗaya, a tura shi. A riƙa shigo da su ɗaya bayan ɗaya, don in suna layi suna kallo haddace allon suke yi, kuma a lura da masu leƙe ta tsakanin yatsu.

Dakta Bashir, sashen kunne, hanci da maƙogwaro: Malama ta gama magana. Na kunne kuma, a daina tafa hannu ko buga ƙofa a ce ai ya waiwaya. Ƙarar ta yi yawa, kuma yaro na jin girgizarta a jikinsa. A kai shi ɗaki shiru, a tsaya bayansa tsawon hannu ɗaya, kamar santimita 60, don kada ya karanta leɓe. A danna ɗan tudun naman da ke bakin ɗaya kunnen ana murzawa a hankali. Mai gwajin ya fitar da numfashinsa duka, sannan ya raɗa lambobi uku, yaro ya maimaita. A sake da wasu uku. In ya kasa rabi, a tura shi. Wannan tacewa ce kawai, hukunci sai asibiti.

A asibiti abin da ake fara yi shi ne leƙa kunnen. Yara da yawa dattin kunne ne ya toshe, ko ruwa ya taru bayan dodon kunne, ko kunnen na zubar da mugunya tun suna goye. Waɗannan ana maganinsu. Sai an share wannan ake zuwa gwajin ji da na'ura, a ba ku takarda mai layuka da ke nuna ƙarfin jinsa da desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Ita za ku nema, ku riƙe kwafinta. Yaron da ya rasa desibel 35 zuwa 49 yana jin muryar malami amma sautuka irin s, sh, f da ts suna ɓace masa, shi ya sa ake cewa taurin kai ne: yau ya ji, gobe bai ji ba. Wanda ya rasa 80 zuwa sama, magana ba ta kai masa ko an ɗaga murya.

Abu ɗaya na gaggawa. Mu nan yankin sanƙarau ne, daga sanyin hunturu zuwa zafin bazara. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya dawo makaranta, a kai shi gwajin ji cikin makonnin farko, kada a jira littafin mako uku. Haka wanda aka ga fari a tsakiyar baƙin idonsa, wannan asibitin ido ne a makon nan.

Malam Lawal: Dakta, ina za a nufa? Daga Daura kowa Kano yake fara tunani.

Dakta Bashir: A bi matakala, Malam. Asibitin sha-ka-tafi na unguwa ko babban asibitin Daura su fara gani su ba da takardar turawa. Daga nan Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitin ido na Katsina in ido ne. Abin da ya fi ƙarfin nan sai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Cibiyar Kunne ta Ƙasa da Cibiyar Ido ta Ƙasa, duka a Kaduna. Ƙashi da ƙafar roba, Dala a Kano. Amma kafin a ɗauki hanya a buga waya a tambayi abu biyu: wace rana ce ranar ganin yara a sashen, kuma na'urar tana aiki? Yaron da bai kai shekara biyar ba, ko wanda ba ya bin umarni, gwajin "ɗaga hannu in ka ji" ba ya yi masa, sai wani irin gwajin, kamar wanda ake manna masa wayoyi a ka yana barci, kuma ba ko'ina ake yinsa ba.

Malam Shehu, ofishin sakataren ilimi: Yallaɓai Lawal, hanyoyi biyu ne, kada a cakuɗa su. Ta lafiya ba ta buƙatar izinin ofishinmu. Hedimasta zai rubuta, uba ya yarda, a tafi. Ta ilimi, wato neman malamin musamman, ko allon rubutun makafi, ko gurbi a makarantar kurame ta Malumfashi ko ta makafi a Katsina, ita ce ke bi ta sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zuwa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. In sakandare ce, ta ofishin shiyya zuwa ma'aikatar ilimi.

Inda takardu ke mutuwa: a rubuto "muna da naƙasassu, a taimaka". Ba wanda zai iya yin komi da wannan. A rubuto adadi, aji, irin larura, da abin da ake so takamaimai, a haɗa da kwafin takardar asibiti. A yi kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa a kan naku. Sannan fom ɗin ƙidayar makarantu na shekara-shekara yana da gurbin yara masu buƙata ta musamman, hedimastoci da yawa sifili suke cikewa don su gama da wuri. A tsarin rabon kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, da aka daɗe ana bi akwai kashi 2 cikin 100 na ilimin waɗannan yara. Makarantar da ta rubuta sifili ta cire kanta daga lissafi da hannunta.

Hajiya Saude, kwamitin kula da makaranta (SBMC): Duk kun tsallake babban gari, 'ya'yana. Uba. Ba a kai ɗan mutum asibiti da sunan makaranta bai sani ba, kuma ba a aika mashi saƙo ta bakin yaron. A gayyato shi ofis, ko hedimasta da mace ɗaya daga kwamiti su je gidan bayan la'asar. A fara da abin da yaron ya iya. Sannan a buɗe littafin a karanta mashi abin da aka gani, a tambaye shi ko a gida ma haka ne. Uwa ita ke da tarihin: ko ya yi shawara yana jariri, ko haihuwar ta zo da gardama bai yi kuka da wuri ba, ko ya yi ƙyanda, yaushe ya fara tafiya da magana. Likita zai tambayi duk wannan, uba kuma galibi bai sani ba. Don haka a nemi izini uwa ta bi su, ko a rubuto amsoshinta a takarda.

In ya ce ana yi mashi addu'a da rubutu, kada a ja da shi. A ce a ci gaba, a haɗa da asibiti. Da an ce ma mutum ya zaɓi ɗaya, makarantar zai cire yaron. Kuma in 'ya mace ce a tabbatar mashi maganar ba za ta fita daga ofis ba, don tunanin aurenta yake tun yanzu, ko bai faɗa ba.

Malam Aminu: Ni fa ina ganin wahalar ta yi yawa. Aji mai yara tamanin ko ɗari, malami ɗaya. In an gano kurma ne a kai shi Malumfashi, makaho a kai shi tasu makarantar, kowa ya huta. Ai don haka aka gina su.

Malama Hadiza: Malam Aminu, rabin maganarka gaskiya ce. Yaron da bai ji sam, ba ya magana, a ajiye shi a ajin da ba mai yaren hannu, zaman banza yake yi shekara shida, kuma shekarun da harshe ke kama ƙwaƙwalwa ne ke wucewa. Wannan makarantar kurame ta fi masa. Sai dai iyaye su sani: maganar hannu da kuramenmu ke yi a gari daban take da wadda ake koyarwa a makarantu, wadda tushenta na Amurka ne. In gida ba wanda ya koyi ta makarantar, zai dawo hutu ya rasa abokin hira. A ware mutum ɗaya a gidan, yaya ko ƙanwa, ya koya tare da shi.

Amma yawancin yaran da muke magana a kansu ba su ne ba. Mai raunin ji, mai buƙatar tabarau, zabiya, mai farfaɗiya, mai sikila, wanda shan inna ya taɓa, mai jinkirin fahimta: ba wata makarantar kwana da za ta kwashe su, kuma ba sa buƙatarta. Zabiya kujerar gaba yake so, nesa da hasken taga, da rubutu manya da hula da riga mai dogon hannu. Ka kai shi makarantar makafi ka koya masa rubutun ɗigo alhali idonsa na karanta manyan baƙaƙe, ka cuce shi.

Malam Aminu: To na ji. Amma likita ya rubuto turancinsa, malami ya sa a durowa. Me ya canza a aji?

Malama Hadiza: Yawwa, nan ne gizo ke saƙar. Laifin takardar da makaranta ta aika ne. In ka tambayi likita "me ke damunsa", sunan cuta zai ba ka. Takardar turawa shafi ɗaya ce: sunan yaro, shekaru, aji, abubuwa huɗu ko biyar daga littafin da ranakunsu, abin da aka gwada a aji da sakamakonsa. Sannan a ƙasa a rubuta tambayoyi a bar fili: A ina zai zauna? Wane kunne ko ido ya fi ƙarfi? Zai iya wasan guje-guje? Maganin yana sa barci? Me za mu gani mu dawo da shi da gaggawa? Yaushe zai koma? Likita mai layin mutum hamsin ba zai zauna ya rubuta muku rahoto ba, amma zai cike layi shida a minti biyu.

In takardar ta dawo, cikin mako guda hedimasta da malamin aji da uba su zauna su fitar da buri uku kacal na zangon, waɗanda ake iya aunawa: "zai gane baƙaƙe goma", "zai zauna minti goma a kan aiki ɗaya". Kowane buri da sunan mai yinsa. Ƙarshen zango a duba. Buri goma sha biyar ba a cika ko ɗaya.

Dakta Bashir: In ƙara a kan na'urar ji, don nan ake zubar da kuɗi. Ba a saye ta a kasuwa, ba a karɓar ta a taron rabon kaya ba tare da takardar gwaji ba. Saita ta ake yi daidai da raunin kowane kunne. Wadda ta fi ƙarfi tana ƙara lalata jin. Robar da ke shiga kunne ana zuba ta ne daidai kunnen yaron, kuma kunne na girma, don haka ana sake ta duk wata shida zuwa shekara. In kun ji na'ura na fito, galibi robar ce ta yi sako-sako. Batiri yana yin mako ɗaya zuwa biyu. Mai lamba 13 takardarsa ruwan lemo ce, mai 675 shuɗiya. A ɓare takardar a jira minti ɗaya kafin a saka, iska ce ke tayar da shi. Ƙurar hunturu na toshe bututun, zufar bazara na shiga ciki, don haka da dare a buɗe ƙofar batirin a sa ta a gwangwani mai murfi da ɗan ƙunshin shanye danshi.

Aikin malami kowace safiya minti ɗaya ne: ya tsaya bayan yaron ya furta mm, uu, aa, ii, sh, ss, yaro ya maimaita. Ranar da ya rasa sh da ss, a duba batiri da bututu. Kuma na'urar ba ta da amfani sosai bayan mita biyu daga bakin malami. Ranar da ruwa ke dukan kwanon aji, hayaniyar take ƙara masa, a rubuta masa a allo kawai.

Nas Jamila: Farfaɗiya kuma, abin da za a nemo daga waje bai wuce ma'aikacin lafiya ya zo ya yi wa malamai duka bayani na awa ɗaya ba, har da maigadi da masu sayar da abinci. A kwantar da yaro ta gefe, a sa tsumma ƙarƙashin kai, a janye benci, kada a cusa cokali ko yatsa ko ruwa a baki, a duba agogo. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, asibiti. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, a faɗi wannan a gaban 'yan aji. Makaranta ta rubuta ranar kowace faɗuwa da tsawonta, da ita likita ke daidaita magani. In yaro ya fara gyangyaɗi ko rashin natsuwa bayan fara magani, musamman fenobabiton, a rubuta wa likita, kada iyaye su tsayar da kansu. Tsayarwa farat ɗaya na tayar da mai tsanani. Mai sikila da karatunsa ya faɗi kwatsam, ko hannu ɗaya ya yi rauni, ko baki ya karkace, ba lalaci ba ne. Sikila na jawo shanyewar ɓarin jiki ga yara, wani lokaci a ɓoye, a kai shi likitan yara nan take.

Malam Nura, mai gashin ƙashi: Ni shawarata ga makarantun ƙauye, Zango, Baure, Sandamu, Mai'aduwa: maimakon gida goma su yi mota zuwa Katsina, makarantu biyar ko shida su haɗu su gayyato ƙwararren. A rubuta wa shugaban asibitin ta hannun sakataren ilimi, a ba da wata guda. A tace yaran tun kafin ranar. Duba yaro da kyau na cin minti talatin zuwa arba'in, don haka mutum ɗaya ba zai wuce takwas zuwa goma a yini ba. In aka yi shela a masallaci, gari duka zai zo da ciwon baya da hawan jini, yaran su koma ba a gan su ba. Takardar gayyata ga iyayen da abin ya shafa kawai.

Amfanin zuwa makarantar shi ne ana ganin inda yaron ke zama. Mai sandarewar gaɓoɓi da ƙafarsa ke lilo a benci ba zai iya riƙe fensir ba, don duk ƙarfinsa na tafiya wajen kada ya faɗi. Kafinta na gari zai gyara: katako ƙarƙashin ƙafa har gwiwa da ƙugu su yi kusurwa kamar harafin L, majingina, tebur daidai gwiwar hannu, fensir a naɗe shi da robar tayar keke ya yi kauri. Gangaren shiga aji kuma, duk tsayin santimita 1 yana son tsawon 12. Dakali mai santimita 30 na buƙatar gangare mita 3 da santimita 60. Wanda magina ke yi mai tsayuwa kamar tsani keken baya yake kifarwa.

Malam Shehu: Duk wanda zai shigo, a ga shaidarsa. Likita rajistar hukumar likitoci (MDCN), mai gashi da mai gyaran magana da mai gwajin ji rajistar hukumarsu (MRTB), malami ta hukumar rajistar malamai (TRCN). Masu yawo da akwatin tabarau suna gwada wa yara suna karɓar kuɗi, a sallame su daga bakin ƙofa. Yaro sai an ɗiga masa maganin da ke sassauta ido kafin a auna, in ba haka ba lambar ƙarya ake samu. Baƙo ba ya keɓewa da yaro, sai da malami ko uwa. Ƙungiya ba ta ɗaukar hoton yaro sai da yardar iyaye.

Malam Lawal: Saura kuɗi, Yallaɓai. Kowa ya kauce mata.

Malam Shehu: Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce karatunsu kyauta ne har sakandare, kuma da ita za ku kafa hujja a takardarku. Amma ba za ta biya kuɗin mota ranar Talata ba. A aikace kuɗin mota da kati da gwaji kan iyaye suke faɗawa. Abin da kwamiti zai iya: ya sa layin waɗannan yara a tsarin raya makaranta na shekara, ya buɗe ɗan asusu mai sa hannun mutum biyu, ya kai jerin buƙata ga tsofaffin ɗalibai da masu fitar da zakka da ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙaramar hukuma.

Hajiya Saude: Kuma in za a roƙa a roƙi na shekara, ba na rana ɗaya ba. Mai kuɗɗi yana son ya sayi na'ura a yi hoto, ba ya tuna batiri. A lissafa mashi tun farko: na'ura, batirin wata goma sha biyu, sabuwar roba, komawa asibiti sau biyu ko uku. In ba zai ɗauki duka ba a raba ma mutum biyu.

Malam Aminu: Tambaya ta ƙarshe. Malami ya samu canjin wurin aiki, ko yaron ya wuce aji, komi ya koma farko. Ina ake ajiye duk wannan?

Malama Hadiza: Fayil ɗaya a ofishin hedimasta, a kulle, ba a ɗakin malamai ba. Ciki: littafin lura, yardar uba a rubuce ko da dangwale, kwafin takardar turawa da amsarta, takardar gwaji, burin kowane zango. A bangon fayil ɗin a rubuta lambar katin asibiti da ranar komawa, don kati ne ke fara ɓata a gida. Na asali na iyaye ne, makaranta kwafi take riƙewa. Makon farko na sabuwar shekara tsohon malamin aji da sabo su zauna minti goma sha biyar a kansa. In yaron ya kai aji shida, a rubuta wa sakataren ilimi tun zangon farko a nemi ƙarin lokaci ko manyan baƙaƙe a jarrabawar shiga ƙaramar sakandare, sannan kwafin fayil ɗin ya bi shi hannu da hannu zuwa ga shugaban sabuwar makarantar.